Ƙarfe Nawa Ne a Wurin Rodrigue

Litinin, 6 ga Maris 2023
Baba ya sake ɓata shimfiɗa. Na wanke shi, na canza zane, na shafa mishi mai a baya. Ko sannu. Abin da ya ce kawai, "Kin taɓa min agogo da jiƙaƙƙen hannu."

A Lome ya sayi agogon nan, tun yana tuƙa babbar mota, ni ina 'yar lakwal, wato makaranta. Baƙi ne, mai lambobi, da 'yar taswirar duniya a sama wadda ba ta kai farce ba. In aka danna maɓallin gefe sai ya bi garuruwa: PAR, CAI, NYC. Tun da ƙanena Rodrigue ya tahi Kanada Baba ya tsaida shi a NYC, wai lokacinsu ɗaya da Montréal. Lokacin nan gida Dogon Dutsi kuwa ni yake tambaya. Agogon na hannun hagu, hannun dama ya mutu tun da ciwon ya buge shi. Don haka ni ce mai dannawa.

Laraba, 8 ga Maris
Dokokin agogo, ya maimaita min su yau kamar ban haddace ba. Ba sabulu. Ba ruwan zafi. Kada a bar shi a rana, gilashin kan yi baƙi. Busasshen buroshin haƙori ake bi da shi tsakanin maɓallai. In za a canza pil, wato batir, a duba zoben roban ciki, kada ya tsinke ƙura ta shiga.

Na bar ajin da nake koyarwa a Guéchémé na dawo gidan nan. Bai taɓa tambaya ko na ci abinci ba.

Lahadi, 12 ga Maris
Matan majami'a sun zo gaishe shi. A gabansu ya miƙo min hannu, wai yau ake ƙara awa guda a can, in danna in riƙe har alamar ta fito. Na kuskure, ya tsallaka wani gari. Ya ce, "Da ɗan'uwanki ne, ido rufe zai yi. Ke hannunki na wankin tukunya ne." Inna Salomé ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi. Na raka su bakin ƙofa ina dariya.

Laraba, 15 ga Maris
Basira, ƙawata mai sarin atamfa, ta dawo daga Yamai. Ta ja ni bayan ɗaki. Wai ta ga Rodrigue kusa da tasha yana wanke motoci. Na ce kama ce. Ta ce, "Colette, har ya gaishe ni da sunana. Ga lambarsa."

Alhamis, 16 ga Maris
Na kira lambar. Shi ne. Tun bara waccan suka maido shi, takardunsa ba su yi ba. Saƙonnin muryar da yakan turo wa Baba jefi-jefi, yana labarin ƙanƙara, a Yamai yake yin su, da tsohuwar lambarsa ta can. Yana ta, "Yaya, don Allah kada Baba ya ji." Na ce ya zo ya zubar da fo ko sau ɗaya. Ya ce da wace fuska.

Na kashe waya. Daɗi na ji. Daɗi sosai.

Asabar, 18 ga Maris
Baba ya dubi agogo ya ce, "Yanzu yana shan kafe." Na ce ko. Ina riƙe da maganar a baki kamar alewa, ban so ta narke da wuri.

Litinin, 20 ga Maris
Na dama kunu, ya ce da gudaji, ya ture kofin da bayan hannu ya zube min a zane. Ya ce shi ya sa ba namijin da ya iya zama da ni.

Ban yi ihu ba. Na kama hannunsa na hagu a hankali, na danna maɓallin, na maida agogon lokacin gida. Na ce, "Baba, ga lokacin ɗanka. Ƙarfe goma a nan, ƙarfe goma a can. Yamai yake, yana wanke motocin mutane."

"Ƙarya kike. Maida shi."

Na kira lambar, na buɗe murya. Ana jin ƙarar ruwa da hon na motoci. Rodrigue ya ce, "Yaya?" Baba ya ce, "Rodrigue? Kai ne, ɗana?" Sai aka kashe.

Baba ya miƙo hannu. "Colette, maida shi." Wannan karon a hankali ya faɗa. Na ce hannuna na wankin tukunya ne. Na fita wanke zanena.

Talata, 21 ga Maris
Bai ci komi ba. Ban matsa ba.

Alhamis, 23 ga Maris
Na leƙo na tarar ya kai agogon baki, yana son danna maɓallin da haƙori. Miyau na bin hannunsa. Mutumin da bai yarda ɗigon ruwa ya taɓa abin nan ba. Na tsaya a ƙofa ina kallo. Da zan iya shiga. Na tsaya dai. Na ji ƙas. Gilashin ya tsage, wani baƙi kamar tawada ya fara bin taswirar, ya cinye Amirka, ya gangaro kan lambobin.

Ya daɗe yana kallonsa. Ya juya fuska bango.

Asabar, 25 ga Maris
Rodrigue ya toshe lambata. Basira ta ce ya bar wurin wankin. Inna Salomé ta ce Baba ya rame, ko a kira mai jinya. Na ce zafi ne.

Agogon bai mutu ba, shi ne abin haushin. Duk awa yana yin 'yar ƙararsa, ba abin da ake gani a fuskar. Duk ya yi, sai Baba ya zabura.

Talata, 28 ga Maris
Na biya wurin Is'haƙa mai gyaran agogo, hanya ce ta bi da ni. Ya ce irin wannan gilashin an daina kawo shi, sai ko a Kano, in an dace da mataccen agogo irinsa. Na ce tambaya kawai na yi.

Yau ɗaga Baba ba wuya. Ba nauyi.

Lahadi, 2 ga Afrilu
Ban je majami'a ba. Da tsakar rana na shiga da kunu, na san dai zubarwa zan yi. Yana fuskantar bango ya ce, "Ƙarfe nawa can?"

Ya san inda yake. Da kunnensa ya ji. Na buɗe baki in tuna mishi, sai na ga ina duba wayata ina cire awa biyar. Na ce bakwai na safe.

Ya juyo. Ya buɗe baki, na ba shi cokali. Don kada kunun ya lalace ne, gero ba a banza ake samunsa ba.

Ya ce, "Ana sanyi?" Zufa na bin bayana, na ce sosai. Ya ce Allah ya sa yana da rigar sanyi mai kauri. Na ce yana da ita. Ya sha rabin kofi yana kallona, ni ina kallon cokali.

Har launin rigar na gaya mishi. Ja na ce. Ban san inda na samo ja ba.