Ndagi Ya Zo Roƙo

Daren Lahadi, Minna

Tun da jikana Sadiƙu ya sayo firam ɗin kabon, wato gangar jikin keke marar nauyi, ta intanet ya haɗa kekensa, Ndagi mai gyaran keke yake kiran keken bokitin roba a majalisa, ana yi mini dariya. Yau ruwa ya cinye kwalbatin hanyar Tagwai. Sadiƙu ya saɓa kekensa a kafaɗa ya haye, Ndagi kuwa ya kafe a taɓo da nasa na ƙarfe. Daɗi har ya hana ni cin tuwo.

Bayan Isha'i sai ga Ndagi ya lallaɓo. "Baba Audu, sa yaron ya sayo wa ɗana irin firam ɗinsa mana."

Na ce mu haɗu gobe a majalisa. Can zai maimaita roƙon, ni kuma zan ce kunnena ya yi nauyi, ya ɗaga murya.