Ango Ya Kawo Murhu, Ina Hayaƙin Zai Bi?

Zuwa ga Zumreta, mai wannan fili,

Don Allah 'yar'uwa ki taimaka mini, kuma ki hanzarta, lokaci ya ƙure mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in faɗa miki kai tsaye: aure zan yi. I, ni ɗin nan, da furfurata da jikokina da ciwon gwiwata! Na haura sittin, mijina Vehid ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, kuma da a bara wani ya ce mini zan sake tsayawa gaban madubi ina gwada ɗankwali kala-kala, da na ce ya je a duba masa kai. To ga shi kuwa. Shekaranjiya na tsinci kaina ina yi wa kaji waƙa.

Angon maƙwabcina ne. Bari in kira shi Ragib, ko da yake duk ɗan ƙauyenmu da ya karanta wannan zai gane shi tun kafin ya kai ƙarshen layi. Tsohon direban bas ne, shi ma matarsa ta rasu. Da tuffa ya fara, kullum sai ya ce wai bishiyarsa ta yi 'ya'ya da yawa, alhali ni ma ina da tawa bishiyar a ƙofar gida, yana ganin ta. Wata safiya ya iske ni ina faskare, ya karɓe gatarin daga hannuna ya ce, "Wannan hannun na zuba gahawa ne, ba na gatari ba." Wallahi sai da na ji kunya kamar 'yar sha shida. Liman zai ɗaura mana aure kafin dusar ƙanƙara ta farko ta sauko, kuma shi Ragib ne zai tare a gidana, domin ya bar wa ɗansa da iyalinsa nasa gidan. Ki riƙe wannan, don a nan ƙurjin yake. Abokansa na wurin shan gahawa sun sa shi gaba da tsiya, suna ce masa amarya, suna tambayarsa wa zai raka shi ɗakin miji. Yana dariya, amma na san abin yana sukarsa.

To, kyautar aure sai ya saya mini murhun pelet, irin mai cin ƙwayoyin garin katakon nan masu kama da kashin awaki, ka zuba masa buhu ka danna, ya yi ta ciyar da kansa har gari ya waye. Ja ne, yana ƙyalli, da gilashi a gaba. Ranar da mota ta kawo shi, matan layinmu kaf sai da suka leƙo, har da wadda muka shekara ba ma ga maciji da juna. Ragib ya tsaya gefensa yana shafa shi kamar wanda ya sayo doki, ya ce daga yau ni da gatari sai dai gaisuwa. Na yi kuka, Zumreta, kukan daɗi. Tun ina yarinya nake tashi da sanyin asuba ina hura wuta domin wasu su tashi su iske ɗumi, ba wanda ya taɓa tunanin ni ma ina jin sanyi.

Masu kantin sun ce za su turo mai haɗawa. Ragib ya ce a'a, shi zai haɗa da hannunsa. Mutumin kirki ne, amma gyaransa sai a hankali. Shi ya gyara mini ƙyauren shinge, yanzu sai an ɗaga shi da gwiwa kafin ya buɗe. Wannan ba komai ba ne, na saba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne inda yake so hayaƙin ya bi.

Gidanmu tsoho ne, surukina na farko ya gina shi. Bututun hayaƙinmu bai huda rufi ya fita waje ba, a ɗakin cikin rufi ya tsaya, kamar na gidaje da yawa a wajenmu. Da gangan aka yi haka. Idan aka yanka sa a farkon sanyi, nan muke rataye nama da sujuk, wato niƙaƙƙen naman da ake cusawa a hanji, a jikin azara, hayaƙin tsohon murhun itace ya yi ta ratsa su a hankali, sannan ya sulale ta tsakanin tayal ɗin rufi. Ba yabon kai ba, naman bandata ya yi suna. Har daga garin Kladanj ake aiko a tambaya ko ya yi. Ɗakin kwanana yana ƙarƙashin wurin daidai, silinsa na katako ne, da sanyi ƙanshin naman har kan filona yake sauka.

Ragib ya ce ai abin nema ya samu. Zai cire tsohon murhun, ya cusa bututun sabon cikin wannan ramin, shi ke nan. "Hayaƙi ai hayaƙi ne, amarya," in ji shi. "Ɗumi a ƙasa, nama a sama, me kuma kike nema a duniya?" Ni ma fa da farko na yi murna, don zuciyata ba ta son rabuwa da naman nan.

Sai na yi suɓul da baka na gaya wa 'yata Mersiha, wadda ke aikin jinya a Ostiriya. Kai, kamar na taka mata wutsiya! Ta ce so muke mu kashe kanmu, ta ce an sha kawo musu mutane asibiti saboda irin wannan ganganci, ta ce ba don haka ta sa aka canja mini tagogi zuwa na zamani waɗanda ko iska ba ta ratsa su ba. Ƙarshe ta ce, "Mama, gidan babana ne, ba garejin bas ba." Wayar kuwa a buɗe take, kowa na ji, don kunnena ya fara nauyi, Ragib yana zaune da kofi a hannu. Ya shanye gahawarsa, ya yi godiya, ya ɗauki hularsa ya fita.

Washegari ya dawo da akwatin kayan aikinsa, ya ajiye a bayan ƙofa, ya ce ranar Asabar zai fara. Yana fara'a, har ya kawo mini alewa, amma bai ƙara shafa murhun ba. Na gane abin da ke ransa. Mutum ne zai shiga gidan wani, ya zauna kan kujerar wani, kuma wannan murhun ne abu ɗaya da zai nuna ya ce, ni na kawo, ni na kafa. Idan na kira wani ya haɗa, kamar na bi bayan Mersiha ne na ce shi baƙo ne. Idan na yi shiru, ina tsoron abin da ta faɗa. Ko dai yarinyar ta cika zuzuta abu ne, irin na masu zaman Turai ta yamma? Mu da muka yi shekara da shekaru da hayaƙi a saman kanmu, me ya same mu?

Ina cikin farin cikin da ban taɓa zaton zan sake gani ba, kuma ba na so in ɓata shi da bakina. Ki gaya mini gaskiya, ko da ɗaci.

Amarya Mai Furfura, daga wani ƙauye a saman Kladanj

*

Amarya, barka da arziki! Allah ya sa alheri, ya sa a yi da mu. Wasiƙarki ta sa ni dariya ni kaɗai a ofis, tsohuwar zuma dai da ita ake magani. Yanzu ki gyara zama, ga gaskiyar da kika nema.

Mersiha ba ta iya magana ba, amma tana da gaskiya. Kada wannan bututun ya shiga wancan ramin, ko na gwaji. Murhun pelet yana da fanka a ciki da ke tura hayaƙi da ƙarfi, kuma yana ci har safe kuna barci. Idan yana ci da kyau ba ki ganin hayaƙinsa sosai, kuma nan haɗarin yake. Lokacin kunnawa, ko in toka ta toshe shi, ko in wutar lantarki ta ɗauke fankar ta tsaya, yana fitar da iskar guba wadda ba ta da launi ba ta da wari. Ba ta sa tari balle mutum ya farka. Kin ce ƙanshin nama yana saukowa har kan filonki. Duk hanyar da ƙanshi ya bi, ita ma za ta bi, ga sababbin tagogi sun rufe mata mafita. Ban ma yi zancen busassun azara da suka sha maiƙo ba, waɗanda tartsatsi ɗaya ya ishe su. Shekarun da kuka yi lafiya, Allah ne ya kiyaye, tsohon murhu kan mutu in an kwanta, tsofaffin tagogi kuma suna shigo da iska.

Abin da ake yi shi ne, bututu na ƙarfen da ba ya tsatsa, kowace mahaɗa a toshe da roba mai jure zafi, ya miƙe ya huda rufi ya ɗara ƙololuwarsa, a naɗe shi da abin tare zafi duk inda ya kusanci katako. Murhun yana buƙatar tasa kafar shan iska daga waje. A ɗora shi kan faranti na ƙarfe ko tayal, a janye darduma da labule, a bar tazarar da masu ƙera shi suka ce tsakaninsa da bango. Buhunan a ajiye su a busasshen wuri mai shan iska, ba ɗakin kwana ba. Ki sayi 'yar ƙararrawar nan mai kuka in ta ji gubar, a kafa ta kusa da inda kuke kwana. Mai haɗawa na kanti shi zai kunna wutar farko ya daidaita ta, in ba haka ba ko garanti ba ku da shi. Kuma ki kwantar da hankalinki kan nama: wannan hayaƙin ba ya kyafa komai, da kin yi asarar sa guda a banza.

Amma Ragib ma yana da tasa gaskiyar, kuma kin gano ta da kanki. Mutumin da ya bar gidansa ya jure tsiyar abokai saboda ke, ya cancanci ya ga aikin hannunsa a gidan. Aikin miƙo wannan miƙo wancan ba zai ishe shi ba, ki ba shi aiki na gaske. Shi zai shimfiɗa tayal ɗin da murhu zai zauna, shi zai tsaya kan mai haɗawa ya riƙa masa tsani, ya koyi kwashe toka da share bututu, don direba ya san inji ba ya son ƙazanta. Sannan ki roƙe shi ya gina miki ɗakin banda na bulo a bayan gida, nesa da rumbun ciyawa, inda za ki riƙa hura ɗanyen icenki yadda kika saba. Wannan gini nasa ne tun daga tushe, ba wanda ya riga shi.

Kafin Asabar, ki kira mai sharar bututun hayaƙi na yankinku ya hau ya duba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wace amarya ce a ƙasar nan ba ta son ta ga mai shara da baƙar rigarsa ta kama maɓallin rigarta, tunda al'ada ta ce hakan yana kawo sa'a? Ragib ba zai ƙi ba, kuma abin da ya yi masa nauyi daga bakin 'yar matarsa zai shiga kunnensa daga bakin namiji ɗan'uwansa, suna tsaye a cikin rufi. Mersiha kuma ki ce na ce ta ɗauki waya ta ba shi haƙuri. Gidan babanta ne, gaskiya, amma uwarta ce a ciki, kuma ba ita ke kwana da sanyin ba.

Sai dai kada ki ɓuya a bayan mai shara, ko bayana. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ki zaunar da angonki tun yau, ki kalle shi ido cikin ido ki ce masa kin taɓa binne miji, kin san yadda gida yake yin shiru bayan haka, kuma ba ki jira duk waɗannan shekarun ba don ki same shi na sanyi ɗaya kacal. Ban taɓa jin namijin da ya yi fushi don an ce ana so ya daɗe ba.

Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku ga jikokin jikokinku a gaban wannan wutar.

Zumreta