Wayoyin Rijiyar Abbaji

Bhalwal, farkon Mayu

Bhai Tanwir, yayana,

Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya zafin Maskat? Ammi tana gaishe ka. Jikin babanmu Abbaji yana nan yadda ka bar shi, ɓarin dama a mace, baki ba magana, sai ido.

Rijiyar gona ta tsaya. Ka san wutarmu layi ɗaya ce, famfon rijiyar kuwa sai da uku, shi ya sa Abbaji ya haɗa tsohon injin nan da ke juyawa yana cike sauran layukan. To, ɓera ya cinye wayoyin. Mistri Liyaƙat mai gyaran wuta ya zo da cika baki, ya tumɓuke su kakaf bai ko duba ba. Ashe ɗan baƙin rilen nan, makunnin da ke cire kwandansa mai tayar da inji idan injin ya ɗauki gudu, Abbaji ya buɗe cikinsa ya sauya, lambobin jikinsa ba sa aiki. Mistri ya bi lamba, inji ya yi gurnani, kwandansa ta fashe. Wai shi ba boka ba ne, a taso mai abin ya gyara kayansa. A gaban Abbaji fa! Na ce ya fice mana daga gida. Yanzu ina cizon yatsa, don ba wani mai gyara a kusa.

'Ya'yan lemo sun fara zuba, bhai, kuma gonar nan ce kaɗai cinmu. Amma na yi dabara: za mu kai Abbaji ɗakin inji a kan gadonsa, in riƙa ɗaga waya ina nuna gurbi, in daidai ne ya ƙifta ido.

Ƙanwarka,
Shagufta

Bhai Tanwir,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya.

Mun kai Abbaji ɗakin injin. Da ya ga injin sai hawaye. Na ɗaga waya ya ƙifta, na ɗaura, har na gama, Ammi tana ta hamdala. Na kunna, inji ya tashi, rile bai saki ba, sabuwar kwandansa ta yi hayaƙi ta bi ta farko.

Na ce ni ce na yi kuskure. Washegari na koma da shi. Jar wayar da ya ƙifta mata a gurbin sama, na nuna na ƙasa, ya sake ƙiftawa. Na ɗauko guntuwar igiyar akuya na ɗora a bakin rilen. Ya ƙifta, bhai, yana dubana fuska a sake, yana jin daɗin ya taimake ni.

Na ce masa daidai ne, na gode. Ban gaya wa Ammi cewa komai aka nuna masa ƙiftawa yake yi ba, ba zan iya ba. Bishiyoyin bakin hanya sun fara bushewa, ni kuma ban san inda zan sa kaina ba. Ammi ta ce gobe mu sake kai shi, wai yau ya gaji ne. Na ce to.

Ka yi mana addu'a.

Ƙanwarka,
Shagufta