Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Barking, Landan

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da neman albarka, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya ja mana da ranki. Ni da Baban Affan muna nan ƙalau, Affan ma har ya fara haɗa baƙi. Na'ima 'yar Yaya ce dai ba lafiya, kuma saboda ita na zauna rubutun nan. Na san Suweiba ce za ta karanta miki. Suweiba, don girman Allah ki karanta duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya.

Inna, bari in fara da hoton nan da ya zagaya dangi a waya, wanda aka ga Na'ima tsaye gaban waɗansu mutum-mutumi. Na ji wasu sun ce gidan gumaka na kai yara, wasu kuma sun ce maƙabartar Turawa ce. Ko ɗaya ba haka ba ne. Wurin tunawa ne a gefen wani lambu da ake kira Green Park, an gina shi don matasan da suka tuƙa jiragen sama masu jefa bam a yaƙin duniya na biyu, waɗanda dubbai daga cikinsu ba su dawo ba. Mutum bakwai ne aka zuba da tagulla, ma'aikatan jirgi ɗaya, an yi su kamar yanzu suka sauka, a gajiye, wasu na duban sama suna jiran 'yan'uwansu. Ba a yi musu sujada, ba a binne kowa a wurin ba. Yaran da nake koyarwa ran Asabar na kai, don ina so su riƙa taɓa tarihi da hannunsu, su yi tambaya, ba su tsaya ga allon waya ba. Na tafi da Na'ima don na ga tun da muka ɗauko ta bayan rasuwar Yaya ba ta cika shiga mutane ba, na ce ko ta sha iska.

Muna tsaye ina yi wa yara bayani, sai ga wata tsohuwar Baturiya da sanda, ta ajiye hoton wani saurayi da furanni a gindin mutanen tagullar. Ta kira sunansa da ƙarfi, kamar mai kiran yaro ya zo cin abinci. Yara suka tambaye ta, ta ce mahaifinta ne, uwarta na ɗauke da cikinta jirginsa ya tashi bai dawo ba, kuma duk shekara sai ta zo ta kira shi. Ta ce uwarta ma har ta koma ga Allah ba ta daina kiran sunan ba. Na nuna wa yaran rubutun da ke saman bango, wanda ya ce ana tunawa har da mutanen kowace ƙasa da bam ya kashe a wancan yaƙi. Da na waiwaya sai na ga Na'ima ta daskare kamar ita ma tagulla ce.

Sai a cikin jirgin ƙasa, muna komawa gida, ta yi magana. Ta ce waɗanda suke sama suna sakin bam an zuba su da tagulla, tsofaffi na zuwa da sanda suna kiran sunansu, amma babanta da yake ƙasa, da ya je kasuwa kawai sayar da hatsi jirgi ya sako musu wuta aka ce kuskure ne, an haɗa shi da mutane a rami ɗaya, ko alama babu. Ta ce wannan duk ta haƙura. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne, tun da take, ba ta taɓa jin uwar da ta haife shi ta faɗi sunansa ba. Da yana raye yaron nan kike ce masa, da ya mutu ya koma marigayi. Ta tambaye ni ko wani laifi ya yi miki.

Na yi mata bayani iya sanina. Na ce ɗan fari ne, kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, kunya ce, ba ƙiyayya ba. Na gaya mata yadda kike ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin kwano, ki ce wa kowa kaji kika ajiye wa. Ta saurare ni, ta ce to yanzu da ya mutu, kunyar wa ake ji? 

Tun ranar ta daina cin abinci sai ta tsakura. Na yi mata tuwon shinkafa da miyar taushe irin taki, na je har kasuwar Peckham neman kabewa, ta duba ta ture. Siket ɗin makaranta sai da na ɗaure mata da fil. Kin kira, ta ƙi karɓar waya, na ce miki tana barci, alhali tana zaune gabana. Makon jiya makaranta suka bugo cewa ba ta zo ba. Na fita ko mayafin kirki ban ɗauka ba, na same ta can gaban mutanen tagulla, cikin yayyafi, ta jingina hoton Yaya kusa da na Turawa, leɓenta na motsi. Likita ya ce in ta ci gaba da ramewa haka za su kwantar da ita su sa mata abinci ta roba. Yarinya 'yar shekara goma sha uku, ba uwa ba uba, amanar da kika damƙa mini da hannunki, tana narkewa ina kallo.

Na san abin da zan roƙa babba ne, kuma ba tarbiyyar da kika ba ni ke nan ba. Amma abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tambayi malamin masallacinmu, ya ce babu zunubi uwa ta ambaci ɗanta, balle a cikin addu'a. Ba tagulla Na'ima take nema ba, ba kuma dutse a kan kabari ba. Muryarki take so. Suweiba ta danna miki waya, ki yi masa addu'a da sunansa, ki aiko. Ni na faɗa mata shi har bakina ya gaji, nawa bai isa ba.

Ki gaishe mini da Kawu, da Gwaggo ta Ƙofar Gabas, da Zarah da jaririnta, da Umar Faruq. Baban Affan yana gaisuwa ƙwarai, ya ce a sa mu a addu'a.

Ba sai kin fara a gaban kowa ba, Inna. Bayan sallar la'asar ki tura ƙofa, ke kaɗai a kan darduma, ki gwada faɗin sunan a hankali sau ɗaya, ki ji ko harshe zai ɗauka. In ya ɗauka, kira Suweiba. Na dafa farfesu na sa a firiji, yana jiran saƙonki.

'Yarki mai neman albarka,
Amamata, ƙanwar Abdulƙadir