Kududdufin da Alhaji Ya Cike

Funtua, daren Laraba, ƙarshen Agusta

A kan benci nake rubutun nan, don tabarma da katifa duk suna kan igiya suna ɗiga. Tun azahar muke kwashe ruwa daga ɗaki ni da Hadiza, ga ta da tsohon ciki. Masarar da muke lallaɓawa ta kai mu kaka ta jiƙe sharkaf.

Tun muna yara, duk ruwan unguwar nan kududdufin bayan masallaci yake gangarawa. Bara Alhaji Mamman ya saye shi, ya sa tifa ta yi ta juye ƙasa, ya jera shaguna. Da na yi magana, dariya ya yi: "Haba Malam Isa, nan Funtua ce, ba Legas ba. Ina ka ga teku?"

To, yau ga teku har ƙarƙashin gadona.

Abin da ya fi ƙona min rai, bayan magariba ya zo jaje, ya tattare babbar riga yana tsallake taɓo, wai, "Sai haƙuri, ikon Allah ne." Kunya ta sa na ce na gode. Ruwa kam Allah ya saukar, ban musa ba. Amma tifar ai ba daga sama ta faɗo ba.