Ni Na Ɗauke Ragar Baba, Amininsa Ya Ɗauki Sunan Ɓarawo

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin, don girman Allah ka ɓoye sunana da lambata, ka sa wannan yadda na rubuta shi. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ba ni da wuri, don wanda maganar ta shafa yana kwance gidan likita nan Tawa, ban san kwana nawa suka rage mishi ba.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ina zaune Tawa da matata da 'ya'ya uku, amma asalina ɗan masunta ne, bakin tabkin Tabalak aka haife ni. Babana, Allah ya jiƙansa, bai san wata sana'a ba sai su. Yana da amini guda, zan kira shi Baba Illa duk da ba sunansa ke nan ba. Tare suka tashi, kwale-kwalensu gefe da gefe ake ɗaure su, kuma wuri ɗaya suke ajiye kayan aiki, wata 'yar rumfar kwano bakin ruwa mai ƙofa da kwaɗo. Makulli ɗaya ne, ba mai yawo da shi aljihu don kar ya faɗa ruwa, cikin kogon wata bagaruwa bayan rumfar suke tura shi. A saninsu su biyu kaɗai suka san wurin. Sun manta ina yaro na sha ganin hannun Baba yana shiga can.

Lokacin da korona ta shigo aka rufe lakwal da masallatai aka hana taro, ni kam tsoro ya kama ni ba kaɗan ba. Kunnena na rediyo, idona na waya, kuma wani abokin aikina ya rasa surukinsa a kwanakin, to ni ban ɗauke ta wasa ba. Baba yana da ciwon ƙirji tun da daɗewa, in sanyi ya taɓa shi numfashinsa har kuka yake, ga bakin tabki da safe ba masaka tsinke, masu sarin kifi daga ko'ina, kowa na huci a fuskar kowa. Na kira shi na yi mishi bayani, ya yi dariya ya ce wannan cutar masu hawa jirgin sama ce, shi nasa na ruwa ne. Ni kuma halina ke nan, in na ga ina da gaskiya ba na jin kira, ga girman kan boko. Sai na yi dabara na ce dakta ke son duba ƙirjinsa, na je na ɗauko shi, da ya shigo gidana na ce ba komawa sai cuta ta lafa.

Kwana goma ya yi kamar ɗan kaso. Kullum maganarsa ɗaya, bazara ta shigo, ruwa na ja, yanzu ne kifi ke taruwa, wanda ya rasa wannan lokaci ya rasa shekara. Rana ta goma muka yi ta sosai. Ya ce shi ba akuya ba ne da za a ɗaure a turke, ransa nasa ne, in ajali ya zo gara ya same shi kan ruwa. Na ce ransa ba nasa kaɗai ba ne, muna da haƙƙi a ciki, kuma muddin yana gidana ba zai taka ƙofar nan ba. Ubana na faɗa wa haka, matata na tsaye tana ji. Bai ɗaga murya ba, ya ce ranar Asabar zai tafi ko da ƙafa ne, in na isa in tare shi.

Na san zai aikata. Sai shaiɗan ya kawo mini wata shawara, wai in ba kayan aiki me zai koma yi. Ranar kasuwar Tabalak, da tsakar rana, lokacin da na san bakin ruwa ba kowa, na hau moto, babur ɗina, na tafi. Na sa takunkumi na naɗa rawani a kai, ko yayata da muke ciki ɗaya ba za ta gane ni ba, kuma lokacin rufe fuska ba abin mamaki ba ne. Na sa hannu cikin bagaruwa, makulli na nan. Na kwashe ragar Baba guda biyu, da mamarinsa, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, da filafilin da yake tuƙi da shi, na cusa a buhu biyu na naɗe filafilin da tabarma. Kayan Baba Illa na rataye gefe, ban taɓa ko zare ba. Sannan na yi wautar da har in mutu ba zan manta ba. Na ja ƙofa, na danna kwaɗo, na mai da makulli cikin kogo. Wallahi ban yi tunani ba, hannuna ne ya yi da kansa, don tun muna yara Baba ke dukanmu in mun bar rumfa a buɗe. Ɓarawon gaske fasa kwaɗo zai yi ya kwashe duka.

Washegari Baba Illa ya kira a wayata hankali tashe, na miƙa wa Baba, ina zaune ina zuba shayi. Tambaya biyu kawai Baba ya yi.

"An fasa kwaɗo?"

Ya saurara.

"Naka suna nan?"

Ya sake saurarawa, sai ya miƙo mini wayar ba sallama. Na ga fuskarsa, na gane abin da ya shiga ransa, kuma na ci gaba da zuba shayi. Na ce wa kaina sati biyu ne, in abu ya lafa zan mayar in ba da haƙuri a yi dariya. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar ta yi aiki. Asabar ta zo bai tafi ba, ya ƙara wata biyu a gidana, shiru, ba gardama, yana zaune gindin katanga yatsunsa na motsi kamar mai ɗaurin raga alhali ba komai a hannunsa. Ni kuma har ina jin daɗi wai na ceci ubana.

Da ya koma gida abin ya fi ƙarfina. Ya je ya sami Baba Illa gaban mutane ya ce ya fito mishi da kaya. Baba Illa ya rantse, ya yi kuka, ya ce to ga tasa ragar ya ɗauka ya yi aiki da ita, Baba ya ce ai ka ji, mai gaskiya ba ya biyan abin da bai ci ba. Sarkin ruwa ya zaunar da su bai yi nasara ba. Yayata ta je har ƙofar gidan Baba Illa ta zazzage mishi ta tas. Baba ya kwance kwale-kwalensa ya ja shi can nesa ya kife a tudu. Mutane suka daina barin ajiya wurin Baba Illa, mutumin da a da ko zinariya ka ba shi ka yi barci. Duk sati ina cewa gobe zan kai, duk sati maganar na ƙara nauyi, har ta kai inda in na fito da kayan ba dariya za a yi ba.

Za ku ce me ya hana in je in yar da su bakin ruwa a tsinta. Ba ya yiwuwa. Duk wanda aka ga kayan kusa da shi, shi ne sabon ɓarawo, ko a ce Baba Illa ne ya ji kunya ya fito da su. Kuma kayan masunci ba sa ɓoyuwa. Baba da tsofaffin silifas shuɗi yake yanka abin da ke sa raga ta taso, kowane guntu da tsaga uku, ga ƙullinsa da ba mai irinsa, yaro ma a garinmu in ya gani zai ce na wane ne. Na ce bari in saya mishi sabuwa, ya ce bai taɓa jefa ragar da wani ya ɗaura ba, in dai ina so in sayo zare. Na sayo. Ya zauna ƙarƙashin bagaruwar nan yana ɗauri da idon da ya riga ya raunana, abokan aikinsa na wucewa da kifi ta gabansa.

Bai gama ba. Bayan kaka zazzaɓi ya kama shi, ba korona ba, kwana uku. Na je na same shi, na riƙe hannunsa, ya ce mini, "Kai ka so ni da rai, na sani, na yafe maka tsarewar da ka yi mini. Amma Illa ban yafe ba sai ya fito da ragata." Bakina ya buɗe, wallahi ya buɗe, sai na ji ina cewa ya huta kar ya wahalar da kansa. Da la'asar ya cika. Tun ranar da na ɗauko shi zuwa Tawa bai sake hawa ruwa ba. Ranar jana'iza yayata ta hana Baba Illa shiga gida, ya tsaya sahun ƙarshe, ya bi mu maƙabarta daga nesa, yana ta share ido da bakin riga.

Shekarun nan duka kayan suna magazana, ɗakin ajiyar gidana, bayan buhunan hatsi, makullin na jikina. In zafi ya yi ƙarnin kifi ke fitowa ta ƙasan ƙofa, matata ta sha cewa ɓera ya mutu a ciki in buɗe ta share, in hau ta da faɗa ba dalili. Da azahar in gida ya yi tsit ina jin ƙarar darmar raga na bugun juna, kas kas, yadda take yi in Baba na yarfe ta a kafaɗa, in leƙa ba komai. Na daina cin kifi, na ce ulsa ce. Ko buhu zan ɗaure sai in ga ƙullin Baba ya fito a hannuna. Da aka raba 'yan kayansa yayata ta ba ni ragar da bai gama ba wai in riƙa tunawa da shi, ita ma tana can kan sauran. Sau ɗaya na ɗauke su na yi hanyar Kalfu bayan gari da fetur a gora zan ƙone in huta, da na kwance tabarmar na ga wurin da tafin hannunsa ya cinye icen filafilin ya yi santsi, na sa nawa hannun ya zauna daidai. Na zauna ƙasa na yi kuka kamar ƙaramin yaro, na naɗe na dawo da su.

To satin da ya wuce 'yar Baba Illa ta kira ni, ta ce an kawo shi Tawa jiki ya yi tsanani, kuma sunana yake ta kira. Na je jiya. Ya rame, ana mishi ƙarin ruwa, da ƙyar na gane shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya kamo hannuna ya ce, "Ɗana, ubanka ya tafi da fushina. Ban ɗauka ba, Allah shaida, amma amana ce a hannuna ta salwanta. Kai ne magajinsa, ka yafe mini a madadinsa in samu in tafi da sauƙi."

Jama'a, ni yake roƙo. Na ce ba komai Baba, ya girgiza kai ya ce ba haka ba, in faɗa da bakina cewa na yafe. Na kasa. Na ce ana jirana lakwal, gobe zan dawo, na fito har ina tuntuɓe da mutane a ƙofa.

Ga inda nake. In na faɗa mishi gaskiya ina tsoron zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, ya zama na kashe shi sau biyu. In na faɗa mishi shi kaɗai a kunne, sunan ɓarawo na nan kan 'ya'yansa da jikokinsa a gari. In kuma na kai kayan gaban sarkin ruwa na yi bayani, yayata ba za ta sake kallona ba, 'ya'yana su tashi a ce ubansu ne ya ci amanar ubansa, ga ɗalibaina da nake koya wa gaskiya kullum. Na san na cancanci zagi, ku zaga, amma ku haɗa da shawara. Malaman da ke cikin nan ku gaya mini, fushin da Baba ya tafi da shi a kan wa yake yanzu?

Tun safe na ɗaure buhunan kayan Baba bayan moto, yana tsaye tsakar gida, matata ta tambaye ni sau biyu mene ne a ciki. Ƙarfe huɗu ake buɗe ƙofar masu dubiya. In shiga da su in ajiye gaban gadonsa, ko in shiga hannu biyu ba komai in ce wa tsohon nan na yafe mishi satar da ni na yi?