Haƙoran Nana da Mai Hayaƙi

Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta, ya abokan zama? Mutanen gida lafiya, ban da ɗiyarka Nana.

Yaya, wa ka ba amanar yarinyar nan, ni ko Kawu Bala? Kuɗin da ka aiko a kai ta wurin likitan haƙori, Kawu ya karɓe, wai haƙoran yarinta ne, za su zube da kansu. Ranar kasuwar Jega ya kai ta wurin mai hayaƙi, anka turara mata baki, anka nuna muna tsutsotsi cikin kwano. Na ɗauki ɗaya na murza, wallahi ɗiyan gauta ne!

Yau kwana huɗu kumatunta na kumbura, ido ya fara rufewa, kunu ma ba ta sha. Jiya na saɓa ta zuwa asibiti. Likita ya ce a kashe ruɓar tukuna, sannan a cire biyu a cike ɗaya, in an jinkirta kumburin na iya sauka wuya. Albasar da na ajiye zan kai Aliero gobe, ko nawa anka taya.

Ka sa ta a addu'a, ka gaida kowa. Ranar Juma'a ka bugo, in aje wayar gaban Baba da dangi, Kawu ya faɗi da bakinsa wa ya ba shi izini.

Ƙanenka,
Murtala